Akwatin Shara-shara da Idon Baba Sule

Kura, ranar Lahadi bayan la'asar.

Zuwa ga Uwata, Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kin sauka Kaduna lafiya, kin kuma tarar da gwaggonki da mutanen gidanta cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare ki a fitarki da shigarki, Ya raba ki da sharrin hanya da na mutum, Ya sa aikin nan da kika samu ya zame miki alheri duniya da lahira, amin.

Na san za ki yi dariya, ki ce mutumin da ke gina shafin intanet ne ya zauna da biro da takarda. Yi dariyarki. A tasha na so in yi miki magana, sai na ga idon mahaifiyarki ya riga ya cika, na ce idan na buɗe baki mu biyu za mu ba da kunya a gaban 'yan kamasho. Shi ya sa kika ga na tsaya ina yi wa direba faɗa a kan ɗaurin kaya, alhali ɗaurin babu abin da ya same shi.

Nasihar sallah da kamun kai mahaifiyarki ta yi miki, kuma ta fi ni iyawa. Ni abin da nake da shi sana'a ce. Kin ce mini aikin farko da za su ba ki a kamfanin shi ne ɗora rubutu a kan hotuna, a yi shi shara-shara yadda hoton baya zai riƙa leƙowa. Da na ji haka sai na yi murmushi. A duk ƙasar Kura da Bunkure babu wanda abin nan ya wahalar kamar ubanki, kuma, ba yabon kai ba, babu wanda ya yi galaba a kansa kamar ubanki. Kin ga wani ɓangare na labarin, amma lokacin kina makaranta, hutu kawai kike zuwa. Yau zan ba ki shi cikakke, har da wuraren da ban yi kyau ba.

Kin san ni mai fenti ne tun kafin a haife ki. Allunan injinan casar shinkafa da ke bakin titin garin nan da yawansu hannuna ne, haka rubutun bayan adaidaita sahu. Da kwamfuta ta shigo ta fara cinye mana kasuwa, abokan sana'ata suka zauna suna zaginta, ni kuwa na shiga shagon buga takardu na koye ta da furfurata. Daga banar talla na kai ga shafin intanet, ina kallon darussa a waya ina kwaikwayo. To shekara uku da suka wuce ƙungiyar manoman layin ruwanmu ta yanke shawara a yi mata shafi, wanda kowa zai buɗe a wayarsa ya ga ranar da ruwa zai zo gonarsa, da duk wata sanarwa. Wasu suka ce a kai aikin Kano, wai mai fenti me ya sani. Baba Sule ne ya miƙe. Kin san shi, abokina tun muna yara muna kamun kifi a kanal da tsumma, mai gonar tumatir a can ƙarshen layi ta wajen Bunkure, inda ruwa ke isa a gajiye. Ya ce wa taron shi ya tsaya mini, idan aikin ya lalace shi za a kama. Da maganarsa aka ba ni aikin.

Kuskurena na farko tun kafin in taɓa kwamfuta na tafka shi. Kaina ya kumbura, na je na ce wa ciyaman ɗin ƙungiya, Alhaji Isiyaku, tunda ga shafi ai babu sauran amfanin mai shelar nan da ke zagaya ƙauyuka a kan babur da lasifika. Na cika Alhaji da surutu har ya yarda, aka sallami bawan Allah. Uwata, idan kika gina sabon abu, kada ki yi gaggawar kawar da tsohon da mutane suka dogara da shi. Ki bar su su yi tafiya tare na wani lokaci. Idan naki ya fi, mutane da kansu za su saki wancan ba tare da kin ce uffan ba.

Sai na zo kan shafin. Na ɗauki hoton wata gonar shinkafa ta wajen Kadawa, kore shar, ruwa na ƙyalli a tsakanin kunyoyi, na shimfiɗa shi a baya. A kansa na ɗora farin akwati mai ɗauke da jadawalin ruwa, a ƙasan jadawalin kuma layin sanarwa da jan rubutu. Da na duba sai na ga akwatin ya rufe mini hoto, ni kuwa gaskiyar magana hoton nake so a yaba. Na nemo umarnin nan da ake kira opacity, na ba akwatin rabi. Nan take ya koma shara-shara, shinkafa ta leƙo ta cikinsa. Don daɗi sai da na tashi na zagaya shagon na dawo na zauna.

Abin da ban lura da shi ba shi ne, opacity ba ya bambanta akwati da abin da ke cikinsa. Da rubutu da lamba da maɓalli, duk tare yake dusar da su. Kamar mutum ya zuba tina, ruwan nan na tsinka fenti, a gwangwanin fenti ne, ba shi da ikon ya ce ta tsinka na bango ta ƙyale na rubutu. Kuma ko kin koma kan rubutun kin ce shi ya fito da cikakken ƙarfinsa, ba zai wuce abin da akwatin da ke ɗauke da shi ya samu ba. A inuwar shagona, a kan babban gilashin kwamfuta, komai na karantuwa, shi ya sa hankalina ya kwanta.

Kin zo hutu a lokacin. Kika leƙa ta kafaɗata kika ce, "Baba, rubutun ma ya dusashe. Da launin bayan kawai ka rage wa ƙarfi da rgba." Na ce miki na shekara ashirin ina haɗa launi kafin ki san damanki da hagunki. Kika yi shiru, kika shiga gida taya mahaifiyarki tsintar shinkafa. Shirun nan naki na tuna shi ya fi a ƙirga.

Farkon lokacin dashe aka aiko cewa za a rufe ruwa kwana goma don a yashe kanal, laka da ciyawa sun cika shi. Na rubuta sanarwar a jan layin nan, na koma harkokina ina jin na sauke nauyi. Mutanen cikin gari sun ji a masallaci da wajen mai shayi. Baba Sule kuwa makon nan yana Kano yana jinyar maiɗakinsa, da ya dawo kai tsaye gonarsa ya wuce, ga irin tumatir ɗinsa ya isa dashe. Bai tambayi kowa ba. Ina zai tambaya, shi da ya riƙa bugun ƙirji yana cewa shafin Habu ya ishe shi? Ya tsaya a kan kunya da tsakar rana ya buɗe wayarsa. Jadawalin da baƙin rubutu ne, ya iya lalubo ranarsa da ƙyar. Jan layin kuwa, da yake rabin ƙarfinsa ya tafi, kuma yana zaune a kan koren shinkafa, rana ta shanye shi gaba ɗaya. Ya tara iyalinsa suka dashe gonar kakaf. Kwana biyu bayan nan aka rufe ruwa.

Sun yi ta jido da jarkoki daga ɗan abin da ya kwanta a rami, amma cikin fangalan da aka yanka gonar, biyu kawai suka tsira. Na je gonar na gani da idona, iri ya kwanta ya bushe a layi a layi. Baba Sule yana tsugune. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya miƙo mini wayar, rana na dukanta, ya ce in nuna masa inda na rubuta. Na karkata ta nan, na karkata ta can, na kare da tafin hannu, ni da na rubuta abin sai da na sha wuya kafin na gano shi. Ya karɓi wayarsa ya sa a aljihu.

"Habu, ni na tsaya maka," ya ce.

Iyakar maganarsa ke nan. Na nemo masa wani irin a wajen wani mutumin Madobi na kai masa, ya ce in mayar, lokaci ya riga ya wuce. Daga ranar bai ƙara zama a bencin ƙofar shagona ba, bencin da ya shekara da shekaru yana zama a kai duk ranar kasuwa. Idan mun haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure ya ba ni hannu, ya amsa gaisuwa, ya wuce. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na shekarar nan ba. Alhaji Isiyaku ya dawo da mai shela, ya kuma gaya mini a fili cewa an ba ni zuwa farkon dashen baɗi. A ranar za a kawo wasu samari daga Kano su nuna nasu, in nuna nawa, wanda ya fi shi za a ɗauka. Ni ba aikin ne ya dame ni ba, Uwata. So nake Sule ya san bai tsaya wa banza ba.

Kada ki ɗauka ina cewa opacity ba shi da amfani. Yana da wurinsa. Idan hoto ne shi kaɗai kike so ya lafa, ko maɓallin da ba a so a danna tukuna kike so ya yi sanyi don a gane, ko abu kike so ya bayyana a hankali ya ɓace a hankali, to shi ne maganin. Amma duk akwatin da ke ɗauke da maganar da wani zai karanta ya yanke shawara a kanta, ki nisanta shi da opacity. Kuma ki sani ko kin mayar da abu sifili ya ɓace wa ido, yana nan a wurinsa, yatsa na iya danna shi. Wannan ma na koya ne bayan mutane sun yi ta kuka wai shafin na buɗe musu abin da ba su taɓa ba.

Da mai hankali ne ni, da a ranar na kira ki. Amma girman kai bai sake ni ba tukuna. Na ce tunda ni mai zane ne, bari in koma abin da na sani. Na zana akwatin gaba ɗaya a matsayin hoto, irin wanda ake kira PNG, wanda ke yarda wani ɓangarensa ya zama shara-shara wani ya zama cikakke. Bango na tsinka shi, rubutu na ba shi ƙarfi. Ya yi kyau, kuma yana karantuwa, na ce shi ke nan na gama da matsala.

Ashe sabuwa na ɗauko. Hoton ya yi nauyi. A cikin gari yana buɗewa, amma a gona, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, sai mutum ya tsaya yana kallon gonar shinkafata babu jadawali babu dalilinsa. Wani dattijo ya tare ni a kasuwa ya ce shi ma yana da shinkafa a gida, ba sai ya ƙona datarsa ya kalli tawa ba. Ga shi duk ranar da aka sauya wa mutum ɗaya rana sai na sake zana hoton daga farko. Wanda idonsa ya yi rauni ya ƙara girman rubutun wayarsa kuwa, nawa ko gezau, tunda ba rubutu ba ne, zane ne. Ƙarshen abin, ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, sakataren ƙungiya ya ce zai taimaka. Ya gyara hoton ya adana shi a matsayin JPEG, wanda bai san shara-shara ba sam. Da na warke na buɗe shafin sai na tarar da wani farin faci shafe a tsakiya. Ban ga laifinsa ba, ni na gina abin da ba wanda zai iya taɓawa sai ni.

Don haka ki riƙe wannan. PNG na tambari ne, da duk wani zane mai lanƙwasa da kike so ya zauna a kan kowane launi ba tare da farin gefe ba. Tambarin ƙungiyarmu, zangarniyar shinkafa da tumatir biyu, har gobe PNG ne, kuma ɗan ƙarami na yi shi. Amma maganar da za ta sauya gobe, ki bar ta a matsayin rubutu. Kuma duk abin da za ki gina, ki gina shi yadda idan kina kwance wani zai iya gyarawa.

Kuskure na gaba kwaɗayi ne ya jawo shi. Damina ta faɗi, aiki ya yi sauƙi, na ga wani salo a darasin waya inda ake sa akwati ya zama kamar gilashin tagar banɗaki, ana ganin launin abin da ke baya amma dishi-dishi. Raina ya biya. Na ce da wannan zan rufe bakin samarin Kano tun kafin su buɗe. Na yi shi, a wayata ya fito tsaf. Allah Ya taimake ni, kafin in sake shi na nuna wa mahaifiyarki a tsohuwar wayarta. Wayar ta yi ta tunani, shafin na tafiya yana tsayawa, ƙarshe dishi-dishin bai fito ba, rubutu ya zauna tsirara a kan ganyen shinkafa. Ta miƙo mini ta ce, "Malam, wannan ai irin wancan ne na Sule."  Salon nan yana da kyau, ba na musu, kuma na san a Kaduna za su nemi ki yi shi. Ki yi musu shi, amma ki fara shimfiɗa launi mai ƙarfi a ƙarƙashinsa, yadda idan waya ta gaza nuna ado, magana ba za ta tafi tare da shi ba.

Ranar ce na kira ki. Kin tuna? Na yi ta zagaye-zagaye, na tambayi karatu, na tambayi abinci, na tambayi ko kuna samun wuta, sannan na ce, wai abin nan da kika taɓa faɗa, yaya ma sunansa? Ba ki yi mini dariya ba, ba ki ce ai na gaya maka ba. Kika yi mini bayani a natse: rgba lambobi huɗu ne, uku na haɗa launi, na huɗun kuma shi ke faɗin ƙarfinsa, daga sifili zuwa ɗaya. Kika ce in ba bangon akwatin shi kaɗai, rubutun kuwa in bar shi da launinsa cikakke, don wannan umarnin launin da aka ba shi kawai yake taɓawa, ba ya shiga cikin akwati ya dami kowa. Allah Ya yi miki albarka. Na yi alfahari da ke a ranar fiye da ranar da kika karɓo takardar kammalawa.

Kina cikin magana na tuna wani abu da ya sa na kusa dukan goshina. Shekarun baya na yi wa wani mai kemis rubutu a gilashin ƙofarsa. Ya ce yana so a riƙa hango cikin shago, kuma a karanta sunan daga tsallaken titi. Gwangwani biyu na buɗe. Ɗaya na tsinka shi na shafe gilashin sama-sama, ɗayan ban sa masa ko ɗigon tina ba, da shi na yi haruffa. Abin da hannuna ya sani tun ina saurayi ke nan, amma da na zauna gaban kwamfuta sai na bar shi a waje kamar takalmi. Uwata, abin da kika koya a gida da kasuwa kada ki raina shi don kin shiga ofis mai sanyi.

Saura lamba ta huɗu, nawa zan ba ta? Wannan karon ban tambayi idona ba, ban tambayi inuwar shago ba. Na aro wayoyi uku: ta mahaifiyarki, da ta wata mai turara shinkafa a layinmu wadda gilashinta ya tsage, da ta mai gadin ƙofar ruwa wadda haskenta ya kusa mutuwa. Kullum bayan azahar in hau babur in tafi bakin kanal, in tsaya inda babu bishiya. Na gwada rabi, bai karantu ba. Na gwada kashi bakwai cikin goma, jadawali ya fito amma sai an runtse ido. Duk wanda ya zo wucewa, mai keke ko mai kora shanu, in tare shi in ce ya karanta mini, har aka fara cewa Habu mai fenti ya taɓu. Sai da na kai kashi tara cikin goma sannan tsofaffi suka daina kare waya da hannu. Shinkafata da nake ji da ita ta koma ɗan kore-kore kawai a baya, kuma abin mamaki ta fi kyau a haka. Layin sanarwa kuwa na ɗauko shi daga ƙasa na kai shi can sama, na cire shi daga harkar shara-shara gaba ɗaya: bango rawaya cikakke, baƙin rubutu manya. Hoton bayan ma na rage masa nauyi, na kuma sa farin launi a ƙarƙashinsa, ko bai buɗe ba jadawali na nan.

Ranar taro ta zo. An yi shi a bakin babbar ƙofar ruwa, hantsi ya ɗaga sosai kafin a gama gaishe-gaishe. Samarin Kano su biyu ne, masu ladabi, kuma gaskiya sun iya aiki. Da suka nuna nasu a kwamfutarsu a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, akwatuna na shawagi kamar gilashi, mutane suka yi ta kabbara.  Da aka zo kaina na ce ba ni da abin nunawa a inuwa, ina roƙon a fita rana, kuma a buɗe duka biyun a wayar manomi. Aka ɗan yi hayaniya. Alhaji Isiyaku ya ce maganata gaskiya ce, tunda a rana ake noma. Sai ya waiga ya ce wanda ya fi kowa haƙƙin yanke hukuncin nan shi ne wanda aka yi wa ɓarna bara. Ya kira Sule.

Uwata, ban san lokacin da na fara karanto duk addu'ar da na sani ba. Baba Sule ya taso a hankali, bai dubi inda nake ba. Ya fita tsakiyar rana, ya zaro wayarsa, ita dai wannan da ya miƙo mini a gona. Aka buɗe masa na samarin. Ya jira, ya jira, ya cire hularsa ya yi wa wayar rumfa, ya kawo ta kusa da hanci. Ya ce yana ganin kyau, amma bai ga ranarsa ba. Aka buɗe masa nawa. Ya mayar da hularsa kai. Ya miƙe hannu can nesa, yadda tsofaffi ke yi, ya fara karantawa da ƙarfi. Ya karanta sanarwar sama, ya sauko ya karanta layi na ɗaya da ranarsa, na biyu da ranarsa, bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshen layi inda gonarsa take. 

Sannan ya juyo ya dube ni, karo na farko a shekara guda.

"Alhaji," ya ce, idonsa na kaina, "bara na tsaya wa mutumin nan na faɗi. Bana ma na tsaya masa."

Ba zan ɓoye miki ba, na yi kuka a gaban maza, kuma ban ji kunya ba. Aka yi ta ba ni hannu. Babban cikin samarin ya zo ya tambaye ni yadda na zaɓi lambar, na ce masa bakin kanal ne ya zaɓa mini. Ya rubuta a wayarsa. Ki ji fa, ɗan Kano mai digiri yana rubuta maganar Habu mai fenti! Na hau babur na dawo gida bakina har kunne, na manta ma da hulata da na rataye a kan bishiyar mangwaro. Shekara biyu ke nan shafin na aiki, ƙungiyoyin layuka biyu na maƙwabta sun zo na yi musu irinsa, kuma babu wanda ya ƙara dashe a bakin rufe ruwa. Mai shela yana nan yana zagayensa, ni na roƙa a bar shi, yanzu ma daga shafin yake karanto abin da zai faɗa. Ranar kasuwar da ta biyo bayan taron na fito buɗe shago na tarar da Sule zaune a kan benci, yana mitar wai na bar ƙafarsa ɗaya na rawa shekara guda ban gyara ba.

To ga abin da nake so ki tafi da shi. Idan suka ce ki yi shara-shara, kafin ki zaɓi hanya ki tambayi kanki me ake so ya lafa, me kuma ake so ya tsaya da ƙafarsa. Daga nan hanyar za ta nuna kanta. Za ki gamu da ogan da zai ce ki ƙara tsinka shi don ya fi kyau a allon ofis. Kada ki yi masa gardama irin ta ubanki, kuma kada ki yi shiru irin wanda kika yi mini. Ki ce masa cikin ladabi ku fita waje ku duba tare. Idan kuma wata rana wanda bai kai ki ba ya leƙo ta kafaɗarki ya ce ga gyara, ki juyo ki saurare shi, don ni fangalin tumatir na wani na biya kafin na koyi wannan.

Yanzu ki buɗe jakarki baƙa, ki duba can ƙasa cikin safar da mahaifiyarki ta ƙulle. Za ki ga tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, da cajarta. Ta Baba Sule ce. Bana tumatir ya yi masa kyau ya sayi sabuwa, da ya ji za ki tafi sai ya kawo wannan da kansa, ya ce a ba 'yarsa. Na ce masa ai kina da waya mai kyau. Ya ce ya sani, wannan ba ta kira ba ce. Ya ce in gaya miki duk abin da kika gina a can, kafin ki ce kin gama, ki fita da ita rana ki duba, idan ta nuna miki to shi ma ya gani.

Ki gaishe da gwaggonki da maigidanta da yara. Mahaifiyarki na gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci kafin ki fita. Allah Ya kiyaye ki daga duk abin ƙi, Ya ba ki shugabanni masu adalci da abokan aiki na gari, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga mutanen da ba za ki taɓa gani ba. Allah Ya kai ki lafiya duk inda kika nufa, Ya dawo mana da ke lafiya. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe wa ubanki maganar damanki da hagunki.

Wassalam.

Mahaifinki mai alfahari da ke,
Habu Mai Fenti